Bugun da Yake Raguwa

Maman Barewa tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya: keken ɗinki, teburin yanka, sai agogon bango mai jan hannun sakan. A bakin ƙofar nan mijinta ya yanke jiki ya faɗi, zuciya ta tsaya, 'yarsu tana goye. Yarinyar kuwa da ta tashi ba ta san tafiya ba sai gudu, shi ya sa maƙwabta suka laƙaba mata Barewa.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Kullum da safe, kafin ta taka keke, uwar takan ɗora yatsu biyu a wuyan hannun 'yar, ido a kan agogo, ta ƙirga bugun minti ɗaya. Duk shekara ta rubuta adadin da allin ɗinki a bayan ƙofa. A goye, ɗari da talatin. Shekara biyar, ɗari. Shekara goma, tamanin da biyar.

Ta yi lissafi irin na teloli: keken da ya fara rage gudu, tsayawa zai yi. Tsoro ya ci ta, tsoron da ba ta faɗa wa kowa ba. Asibiti ma ta ƙi, don kada a tabbatar mata. Sai ta hana gudu, ta hana tsallen igiya. Malamin wasanni ya zo har sau biyu yana roƙo, ya ce bai taɓa ganin ƙafa irin ta yarinyar nan ba. Ta sallame shi da cewa ita ta haifi abarta. Barewa ta yi kuka har ta gaji, tana shekara sha biyu ta daina tambaya.

Ranar da allin ya rubuta saba'in, uwar ba ta taka keke ba. Ta rufe shago, ta ja 'yar budurwarta sai asibiti.

Mai hoton zuciya ta shafa wa yarinyar wani mai mai sanyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon allon na'ura, sannan ta juyo. Ta ce zuciyar jariri ƙarama ce, dole ta yi ta sauri. Tana girma tana ƙarfi, bugu ɗaya ya tura jini mai yawa, sai ta rage gaggawa.

"Lafiyarta ƙalau, Mama. Girma kika yi ta ƙirgawa."

Uwar ta yi hamdala, amma daɗin bai zauna ba, kunya da nadama suka danne shi. A hanyar gida suka bi ta gefen filin makaranta, yara na ta tsere. Uwar ta tsaya.

"Je ki, Barewa. Yi gudunki."

Yarinyar ta dubi filin, ta daɗe.

"Umma, ai ke kaɗai kike kirana haka yanzu."

Ta karɓi jakar uwar, suka ci gaba da tafiya a hankali, yadda aka koya mata.