Izinin Fita Kafin Ruwa Ya Zo

Shekarar da gulbi ya cinye mana fadama, ya tsaya daf da gidajen unguwar gangare, mun fahimci cewa gargaɗi ne. Ƙauyenmu na ƙasar Gummi rabi a tudu yake, rabi a kwari, kuma a kwarin ne tsofaffi suka fi yawa. Da bazara ta kama, mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, muka tsara yadda za a kwashe masu rauni idan ruwa ya dawo.

Tsarin ba shi da wuya. Akwai wata tsamiya a bakin gulbi, muka sare mata alama a gindi. Ranar da ruwa ya taɓa alamar, za a yi shela da lasifikar masallaci, kowa ya nufi makarantar firamare da ke tudu. Kowane tsoho, makaho ko gurgu an ba shi mutumin da zai ɗauke shi. Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka yi alkawarin shanun jan amalanke. Ni aka ba shelar, saboda na taɓa aikin karanta sanarwa.

Muka yi gwaji wata Laraba da hantsi. Tsofaffi suka hau amalanke suna zolayar juna, wani makaho yana cewa a bi da shi a hankali, ba buhun gero ba ne. Da muka taru a makaranta, liman ya dubi jama'a ya ce, "Ina matan masu zinari?"

Babu ko ɗaya. Mazajensu sun tafi haƙar zinari Bagega tun kaka, kuma matar aure a garinmu ba ta ƙetare zaure sai da izinin miji. Mu maza ne muka zauna muka yi tsarin, kuma duk mun san wannan, amma babu wanda ya tuna.

Cikinsu har da matar yayana, mai tsohon ciki, kuma ɗakinta ne na ƙarshe kafin gulbi. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida.

Na ce, "Amarya, ba ki ji shela ba?"

"Na ji, miji na wasa. Murya kamar rediyo."

"To, ni na ba ki izini."

Ta yi dariya har ta dafa turmi. "Izininka ko zaure ba ya kai ni. Tahi ka samo na mai gidan."

Na gaya mata liman ya riga ya bayyana cewa ceton rai ya wuce jiran izini. Ta daina dariya. Ta ce ta yarda da malam, amma ba malam ne zai zauna da yayana ba idan ya dawo ya ji ta kwana a aji tare da mutanen gari. Inna, mahaifiyarmu, da ke zaune tana jin mu, ta ce, "Gaskiya ta hwaɗi. Kai dai ka tahi."

Waya ba ta shiga inda mazan suke. Na hau babur, na bi ta Anka, na gangara hanyar da rabinta rami ne. Na sami yayana bakin injin niƙa dutse, fari fat da ƙura har gashin ido. Sauran mutanen garinmu suka kewaye ni, suna tambayar wa ya mutu.

Na ce babu wanda ya mutu, kuma abin da ya kawo ni ke nan.

Yayana ya ce, "Ruwa bai taɓa shiga gidan ubanmu ba."

"Bara ma bai taɓa shiga fadamar ubanmu ba, sai da ya shiga."

"Kai da tsoro tun kana yaro! To, ka ce mata na yarda."

Na ce ba za ta karɓa daga bakina ba. Na fito da waya na kunna ɗaukar murya. Ya yi ta noƙewa, abokansa suna masa tsiya wai yau za a ji shi a labaran duniya. Daga ƙarshe ya gyara murya ya ce duk sa'ad da aka yi shela daga masallaci, ta fita, ta zauna inda aka kai jama'a har sai an ce a koma. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ƙi. Na zauna kan dutse kusa da raminsa na ce ba ni da wani aiki a duniya. Kafin la'asar ya gaji da ganina, ya yi magana.

Da na dawo, wata jikar liman, matar aure mai hankali, ta zagaya gidajen da wayar. Matar yayana ta saurara sau biyu, ta tashi ta fara ɗaure kaya a zani.

Ruwa ya taɓa tsamiya cikin watan Agusta, da rana tsaka. Lokacin matar yayana ta haihu, ko suna ba a yi ba. Na yi shela, na sauko na tsaya a bakin hanya ina kallon unguwar gangare. Amalanken farko ya wuce da tsofaffi. A na biyu na hango ta, jariri a ƙirji, Inna ta riƙe musu lema. Kafin magariba katangar ɗakinta ta kwanta cikin ruwa.

A makaranta aka ware wa mata aji biyu, aka rataya tabarmi a tagogi. Na je bakin ƙofa na yi sallama, na gaya mata zancen katangar. Ta ce, "Allah Ya mayar da alheri. Miji na wasa, kun shirya komi, amma mai jego da mi za ta dahwa ruwan wanka?"

Itacen gari duk ya jiƙe. Na ari gatari, na nufi rugar Fulani da ke bayan tudu.