Ni Mai Digirin Ruwa Na Yada Zango da Mahaifina a Cikin Kori

Sallama ga masu wannan shafi da duk mai karatu. Sunana ku bar shi a gefe. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ni 'yar Agadez ce mazauniyar Lyon, na gama karatu har na samu digiri na uku, kuma a kan ruwa: yadda ruwan sama ke sauka a kan tudu, yadda yake taruwa, yadda yake gangarowa. Ina aiki a wani ofishin bincike, ina da ɗakina, ina da 'yar motata ja da na saya da gumina. Kuma ina ji da kaina, wallahi ba kaɗan ba. Idan mutum ya yi magana a gabana sai na gyara masa ita, ko da daidai ya faɗa. Yayana da ke aiki a rumbunan kaya na Aubervilliers, a gefen Paris, yakan ce da ni wai ko gaisuwa aka yi mini sai na duba ko akwai kuskure a ciki.

Babanmu direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ya fi shekara talatin yana ɗaukar albasa da dabino da gishiri tsakanin Agadez da ƙauyukan da ke cikin duwatsu. Bai taɓa zama a aji ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake kirana, in kuma yana so ya zolaye ni sai ya ce likitar ruwa. Gwiwarsa ta dama ce ta gaji, muka kawo shi Paris aka yi masa aiki. Ya yi makonni a gidan yayana, daga nan na ɗauko shi a jirgin ƙasa zuwa Lyon ya ƙarasa jinya wurina. Da sanda yake tafiya, a hankali, matakala uku sai ya tsaya ya huta. Ni kuwa tun zuwansa na maida shi yaro. Baba ba haka ake buɗe ƙofar metro ba, Baba ba a gaida mutane a hanya a nan, Baba kar ka taɓa wannan. Shi dai sai ya ce to, uwata. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da shi a bakin taga yana kallon motoci, yana gane lafiyar kowane inji da ƙararsa. Na san kewar hanya ce ke cinsa.

Shi ya sa wata Asabar, a ƙarshen zafi, na ce ya shirya zan kai shi ya ga ƙasar da ta yi kama da gida. Muka yi kudu, tafiyar awa biyu da wani abu, zuwa yankin Ardèche. Wanda bai je ba ba zai gane ba. Hanya ce aka sassaƙa a gefen dutse, tana lanƙwasa tana hawa, kwazazzabo na ƙasa can nesa har sai ka ji jiri, duwatsu farare sun tsaya tsaye kamar katanga, ga 'yan bishiyoyi gajeru masu ƙaya. Kai, ranar na ga Baba ya koma saurayi! Ya sauke gilashi, ya fitar da hannu, yana cewa wannan ai hanyar Timiya ce, ƙauyen nan na cikin duwatsunmu, aka yi wa kwalta. Kowace kwana sai ya ba ni labarin inda ya taɓa kwana uku da karyayyen ƙarfe, ko inda raƙuma suka tare masa hanya. Har ya yaba tuƙina, ya ce hannuna ba ya rawa. Kaina ya ƙara kumbura.

Da azahar ta yi na bar babbar hanya na shiga wani ƙaramin kwari, ina neman inuwa da shimfiɗaɗɗen wuri inda zai yi salla a zaune ba tare da ya wahal da gwiwar ba. Sai na hango busasshen rafi, faffaɗa, cike da farar tsakuwa, ba ɗigon ruwa, ga wata 'yar gangara da motoci suka taɓa bi suka sauka. Can gaba akwai inuwar dutse mai kyau. Na karya kan mota. Baba ya dafa hannuna ya ce in tsaya, wannan kori ne, kuma ba a yada zango a cikin kori. Kori, ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, shi ne rafin da ke bushe shekara duka, sai ranar da ya ga dama ya kawo ruwa. Ya nuna mini da sandarsa busassun itatuwa da ciyayi da suka maƙale a rassan wata bishiya, sama da tsayin mutum, ya ce ruwa ne ya rataye su a can, ba iska ba.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Dariya na yi. Na ce Baba nan Faransa ce, ba bayan Agadez ba. Na ɗaga waya na nuna masa hasashen yanayi, rana tas har yamma. Na ce masa ni fa wannan shi ne aikina, a kansa aka ba ni digiri. Bai yi musu ba. Ya janye hannunsa ya ce to, likitar ruwa ta yi magana. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi ita ce, tun da ya nuna itatuwan nan na san ya yi daidai. Na sani sarai hasashen da na duba na ƙauyen da ke kusa ne, ba na manyan duwatsun da ke can sama ba, inda ruwan ke tasowa. Wannan darasin farko ne da muke koya wa ɗalibai. Amma shi ya riga ni faɗa, kuma a lokacin na gwammace komai da in ce Baba ka fi ni gani. Na sauka da motar, na yi tafiya mai ɗan nisa a kan tsakuwa har gindin inuwar.

Muka yi salla. Na fito da ɗan murhun gas da buta na ɗora shayi. Baba bai sake ba da labari ba, ya zauna a kan darduma ya juya fuskarsa wajen da korin ya fito. Na miƙa masa kofin farko, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya ce in dubi can. Wani baƙin hadari ne ya zauna a kan duwatsu, nesa ƙwarai, mu kuwa rana na dukanmu. Sai wata iska mai sanyi ta gangaro, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban gama buɗe baki ba na ga wani siririn ruwa ja yana ratsowa tsakanin tsakuwa, yana turo ganye da kumfa a gabansa. Baba ya ce in tashi, yanzu, in bar komai. Ban taɓa jin wannan muryar daga bakinsa ba.

Na taimaka masa ya shiga mota, na zagaya na tayar, kuma don ruɗewa na taka totur da dukan ƙarfina. Tayoyin gaba suka yi ta juyawa suna watsa tsakuwa, motar ta nutse har ta kusa zama a kan cikinta. Na sake takawa, ta ƙara nutsewa. Innalillahi! Na dubi gaɓa, tsaye take, ta fi ni tsayi sau biyu. Ni zan iya hawa da hannu da ƙafa, Baba ba zai iya ba ko da an ba shi wuni. Gangarar da muka sauko ta nan kuma ta yi masa nisa da sanda. In motar ba ta fita ba, Baba ba zai fita ba, kuma ni na kawo shi nan. Shi ma ya yi wannan lissafin. Ya ce in hau in bar shi, ya riga ya ci zamaninsa. A rayuwata ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce wallahi tallahi ba inda zan je, in mutuwa ce mu mutu tare, ya daina wannan maganar ya faɗa mini abin da zan yi.

Ya dube ni daƙiƙa ɗaya, sai direban ya tashi. Ya ce in kashe injin in ba shi makulli. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da tayar gaba, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe, ya danna bakin makulli a hancin tayar, iska ta fara fita. Ya ce tayar da ta yi laushi tana shimfiɗuwa ta hau kan yashi, mai tauri kuwa haƙa take yi. Ya sa na yi wa ɗayar haka da tsinken gashina, yana cewa in ci gaba, in ci gaba, ya isa. Da farantin shayi na kwashe tsakuwar da ke gaban tayoyin, farcena biyu suka karye ban ma ji ba. Ya ce in ciro shimfiɗun roba na ƙasan mota in cusa a ƙarƙashinsu. Lokacin ruwan ya rufe idon sawuna, sanyi kamar ƙanƙara, kuma daga sama muna jin wani gurnani, duwatsu na gogar juna. Na rungumo Baba ta ƙarƙashin hammata na ɗaga shi na jefa shi a kujera. Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin ba.

Na zauna, na karɓi makulli na tayar da injin. Ya ce in yi bisimilla, in miƙe sitiyari, kar in sa bites, wato giya, na ɗaya, in sa na biyu, in saki ƙafar hagu a hankali kamar mai ajiye jariri mai barci. Motar ta yi ƙugi, ta girgiza, ta ɗago. Ya ce kar in tsaya, kar in ƙara wuta, kar in dubi madubi. Na yi kwana mai faɗi kamar yadda ya ce, ruwa na bugun ƙasan motar, shi kuma yana nuna mini da hannu inda tsakuwa ta fi tauri, dama kaɗan, miƙe, miƙe. Da muka iso gangarar ya ce yanzu, uwata, ba ta wuta! Muka haye. Na tsaya a kan kwalta, na fito. Ba a yi minti biyar ba ruwan ya iso, ja wur, da kututturan itace a kansa, ya cika korin daga gaɓa zuwa gaɓa. Inda muka yi salla ya ɓace, da dardumar da butar da sandar Baba. A kanmu kuwa ko ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Na yi kuka har na gode Allah. Na jira faɗa, na jira ya ce ai na gaya miki, ina ma roƙon ya faɗa don in samu sauƙi. Bai ce ba. Abin da ya ce kawai shi ne in tuƙa a hankali har gidan mai na farko, a mayar wa tayoyin iska, kar su lalace. Da muka isa Lyon na durƙusa a gabansa na nemi gafara, na gaya masa na san gaskiyarsa tun farko, girman kai ne ya hana ni. Ya ce ya sani, ya ga haka a fuskata.

Kwana biyu kafin ya koma gida, dattawan ƙasarmu da ke Paris suka taru a gidan yayana yi masa bankwana, wasu daga unguwar Château Rouge, wasu sun taso daga aiki. Ina kicin ina zuba abinci na ji ya fara ba da labarin korin. Na ce a raina shi ke nan, yau likitar ruwa ta zama abin dariya har Agadez. Na laɓe a bakin ƙofa. Sai na ji yana cewa mota ta kafe musu a cikin kori ruwa na tafe, ya ce wa 'yarsa ta gudu ta ƙi, ta haƙa da hannunta, ta ɗauke shi kamar buhu, ta fitar da mota a bites na biyu ba tare da ta mutu mata ba. Ya ce a cikin direbobin da ya sani a sahara, ba su fi a ƙirga da yatsu ba waɗanda za su iya haka. Wani Alhaji ya tambaya to yaya aka yi motar ta shiga korin tun farko. Baba ya ce ai hanya ce ta bi da su, ya miƙa hannu ya ɗauki kofinsa.

Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da abin da na yi a cikin mintunan nan, kuma ina alfahari da mutumin da ya haife ni fiye da duk takardun da ke rataye a bangona. Ga 'yan uwana da ke yawon buɗe ido a irin waɗannan hanyoyi, a Turai ne ko a gida: kada ku ajiye mota a busasshen rafi, komai kyan inuwarsa, komai hasken rana a kanku. Ga mu kuma da muka yi karatu muka zo nan, in tsohonka ya dafa hannunka ya ce tsaya, ka tsaya tukuna, ka yi gardamar daga baya a kan tudu. Ni saura ƙiris in kashe mahaifina don kawai kar in ce ya fi ni sani.

Baba ba ya karatu, amma na san akwai mai karanta masa wannan a ƙofar gida, kuma zai gane ko ba suna. Baba, ka yi haƙuri, na faɗi rabin da ka rufa mini. Ba hanya ce ta bi da mu ba, ni ce.