Malam Abdulgani, Mai Sharar Memori na Tashar Kalgo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, ina Gwandu aka kira ni aka ce Allah ya yi wa Malam Abdulgani Wurogauri rasuwa bayan gajeriyar jinya. Kafin la'asar mun raka shi makwancinsa. Duk wanda ya taɓa kai waya ko memori shagon tura waƙoƙi da karatu da ke gefen tashar Kalgo ya san wanda nake nufi.

Malam, ba ka taɓa yarda ka miƙa wa mutum kayansa a hargitse ba. Babban abokin faɗanka shi ne foldojin nan da waya da kwamfuta ke ƙirƙira da kansu cikin memori, babu sauti a cikinsu sai ƙananan hotuna da bayanan waƙa. Rediyon mota kan ɗauke su a matsayin waƙoƙi, ta yi ta tsallake, ko ta yi shiru. Direbobi sukan miƙo maka memorinsu, ka share musu kafin mota ta cika, kana yi kana tsokanarsu.

Ni ma ta nan zumuncinmu ya ƙullu. Mahaifina makaɗin noma ne a Ceberu. Bayan rasuwarsa, kai ka juye kaset-kaset ɗinsa zuwa memori, mahaifiyata Inna Larai tana saurare a ƙaramar rediyonta in ta gama aikin rana. Wani ɗan'uwanmu ya ari memorin ya sa a kwamfutarsa. Da ya dawo da shi, rediyo ta ƙi magana. Inna ba ta yi kuka ba, sai ta naɗe rediyon cikin zane ta ajiye, ta rage hira, ta rage cin abinci. Wani mai gyara ya ce sai dai a goge komai. Na ƙi, na hau mota sai Kalgo.

Ka duba, ka ɗago kai kana murmushi, ka ce, "Aminu, mi ya tada maka hankali? Waƙoƙin Baba suna nan, tarkace ne ya danne su."

Sai da ka kwafe komai ka adana a gefe, sannan ka fara buɗe foldojin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙosa, na ce ai duk iri ɗaya ne, a share kawai. Ka ce ba ka goge abin da idonka bai gani ba. A cikin wata folda mai sunan lambobi, wadda kowa zai ɗauka shara ce, muka tarar da wani sauti da ya ɓata tun ranar da ka juye kaset-kaset ɗin: Baba a filin gayya, ya tsayar da kiɗa yana dariya, yana kiran Larai ta kawo ruwa.

Washegari kai da kanka ka hau babur har Ceberu, ka sa memorin a rediyon, ka durƙusa ka miƙa mata. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ga shi nan, har da dariyatai." Ranar ba ta bar ka ka tafi ba sai da ka sha fura.

Malam, ka yi zamanka lafiya da mutane, ka tafi ba mai ƙorafi da kai. Wannan ya sa zukatanmu suka natsu.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Inna Larai wadda tsufa ya hana ta zuwa, ga maiɗakinka Malama Amatullahi, da 'ya'yanka Muzzammil da Fiddausi, da jama'ar Wurogauri da Kalgo baki ɗaya. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.