Salansar Da Ta Kori Ƙauyen Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar Bungudu, ni da ƙanin matata a kan babur ɗinsa, za mu kai wa Inna, yayar mahaifiyata, maganin hawan jini a wani ƙauye bayan Tsafe. Tun a ƙofar gida hankalina bai kwanta da babur ɗin ba. Ya sa an ƙwaƙule cikin salansar don bikin abokinsa, idan ya saki mai sai ta riƙa tas-tas kamar harbi. Na yi magana, ya ce ai gayu ke nan.

A Gusau muka sha koko da ƙosai a Sabon Gari, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goriba, kuɗin kuwa ya ƙaru. Mai kokon sai kallon babur take tana kallonmu.

Muna fita gari aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya duƙa ya leƙa salansar, ya ce doka ta hana hawa titi da salansar da aka huda ko aka cire, suna iya kama babur su ci mu tara. Ni dai a raina na ce ruwa ba ya tsami banza, na goro yake nema. Na nuna masa maganin, ya sake mu bai karɓi ko sisi ba, ya ce mu gyara wajen wani mai walda a Tsafe. Har wannan ma na zarge shi, na ce wataƙila mai waldar ɗan'uwansa ne. Muka wuce Tsafe ba mu tsaya ba.

Da muka shiga ƙauyen ba kowa. Ga turmi da hatsi a ciki, ga tukunya a kan wuta. Tun daga nesa mutanen ƙauyen suka ji mu, suka ɗauka 'yan bindiga ne, suka faɗa cikin dawa. Inna ba ta iya gudu. A bayan ƙyaure na same ta zaune, tana kalmar shahada.

"Ashe kai na, ɗan nan?" ta ce. "Na aza su na sunka dawo."

Kunya ta kama ni, na kasa gaishe ta.

Da hannu muka turo babur ɗin har bakin kwalta, aka gyara salansar a Tsafe, muka iso gida bayan la'asar. Na wuni ina zargin mutane a hanya, ashe duk inda muka bi, mu ne abin tsoron.