Ihu da Raɗa

A shagon kwamfuta, wata mai ɗinki tana sauri ta yi wa ɗanta rajistar jarrabawa. Burauzar farko, manhajar da ta buɗe don shiga intanet, ta cika allo da jan gargaɗi, wai shafin ba shi da tsaro. Ta ja tsaki ta buɗe wata. Wannan kuwa 'yar alama kawai ta nuna a sama.

Dattijon da ke gefenta, gilashinsa ɗaure da zare, yana buga haruffa da yatsa ɗaya, ya karkato.

"'Yata, waccan ihu ta yi miki, wannan raɗa. Amma maganarsu ɗaya ce."

Yadda muryarsa ta yi sanyi, ta zaci ya taɓa jin raɗar bai saurara ba. Ta fasa shigar da lambar sirrin katinta na banki.

"Na gode, Baba."

Bai ɗago ba, yana neman harafi na gaba.