Dympna Garrihy, Wadda Ta Mayar wa Hanna Kiɗanta

Shekara talatin da huɗu, kullum ƙarfe takwas na safe farar motar laburare takan fito daga Kilrush ta kama hanyar ƙauyukanmu na yammacin Clare, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma kun san ƙasar nan, yawanci ana yi. Dympna Garrihy ce a bakin sitiyari. A gefenta akwai shayi da burodi yanka biyu, a ƙarƙashin kujera kuma tsohuwar rakoda da wani littafi mai baƙin bango wanda ba na aro ba ne. An ɗauke ta ne ta raba littattafai. Ɗayan aikin ba wanda ya sa ta.

In ka kuskura ka shiga motarta kana busa wani kiɗan rawa da baki, to ka shiga uku. "Tsaya, a wajen wa ka ji wannan?" Ka ce wajen kawunka. "Shi kuma fa?" Haka za ta tatse ka har ka manta littafin da ka zo nema. A wajenmu kiɗa ba ya zuwa da takarda, kunne ke ɗauka, kuma sunan wanda ka koya a wajensa shi kake liƙa wa kiɗan. In an manta sai a ce "marar suna," a ci gaba da rawa. Dympna ba ta iya jin kalmar nan ta yi shiru.

Mun ga aikinta da idonmu. Mutanen Cloonmore da na Derryard sun daɗe suna musu a kan wani kiɗa, kowa na cewa na kakansa ne. Ta bi sawunsa shekara biyu, ta dawo ta ce wani mai gyaran tukwane ne da ya yada zango a ƙauyukan biyu ya bar musu shi. Duka suka ji haushinta, haushin kuma ya shirya su.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Kiɗan Mossie. Babu bikin aure a yankin nan da za a tashi ba a kaɗa shi ba. Mossie Garrihy mahaifinta ne, manomi mai goge, wanda bai bar gona mai yawa ba amma ya bar wannan kiɗa, har hoton goge aka sassaƙa a kan kabarinsa. Saboda shi Dympna ta fara wannan bincike, kuma shafin farko na baƙin littafin sunansa ne.

Bara, wata Laraba, ta kai littattafai gidan kula da tsofaffi, tana jera su tana rera kiɗan a hankali. Sai wata tsohuwa mai shekara casa'in da biyu, Cissie Mulqueen, ta ɗago kai daga keken marasa lafiya da take zaune a kai.

"Ke 'yar Mossie, kin cinye bugu ɗaya."

"Haba Cissie, kiɗan ubana za ki koya mini?"

"Na ubanki? Tabɗi! Ubanki rawa yake zuwa yi gidanmu, yana taka wa 'yan mata ƙafa. Mu ba mu da goge, uwata Hanna ce ke yin kiɗan da baki. Saurara."

Tsohuwa ta rera shi da siririyar murya, kuma a ƙarshen kowane zagaye sai ta ƙara bugu ɗaya, ta doka dunduniya a ƙasa. Ta ce a gaban murhunsu akwai falalen dutse da aka binne tukunyar ƙarfe a ƙarƙashinsa don ya yi amo, kuma Hanna ta ƙara bugun ne don mai rawa ya samu ya daki dutsen. Masu goge suna son lissafi ya tafi daidai, shi ya sa Mossie ya datse shi da ya ɗauka.

Dympna ta fito ranta a ɓace. Ta gaya mini da bakinta cewa ta zauna a mota ta kasa tayar da ita. Ba wanda ya ji maganar sai su biyu. Cissie kuma ta fara mantuwa, wata rana ko sunan 'ya'yanta sai an tuna mata. Da Dympna ta ja bakinta, nan da shekara ɗaya ko biyu shi ke nan, kiɗan ya zama na Mossie har abada, Hanna kuma ta ɓace.

Mako uku ta yi tana juya abin. Sannan ta tafi kangon gidan Mulqueen, ita da manomin da ke da filin yanzu, suka ɗaga dutsen, sai ga tukunya ta ci tsatsa. Amma tukunya ba ta rera kiɗa, don haka ta koma gida ta ɗauko kaset ɗin mahaifinta, wanda ta ji ya fi sau dubu. Wannan karon ba gogen ta saurara ba, ƙafarsa ta saurara. A ƙarshen kowane zagaye gogen yakan wuce, amma dunduniyar Mossie sai ta ƙara bugu ɗaya a kan daɓe. Hannunsa ya datse, ƙafarsa ba ta manta inda ta koya ba. Dympna ta yi kuka.

Ƙaninta Fintan, wanda ya gaji gogen, bai ji daɗi ba ko kaɗan.

"Abu ɗaya tsoho ya bari a duniya, shi za ki ƙwace ki ba wata? Ki bar matattu su huta mana."

"Hanna ma matacciya ce, Fintan. Kuma 'yarta na raye."

"To ki yi, amma kada ki sa ran ganina."

Ranar Asabar da ta wuce da rana muka taru a zauren coci don yi mata ban kwana da aiki. An ci, an sha shayi, an yi jawabai masu tsawo fiye da kima. Da aka ba ta dama sai ta buɗe baƙin littafin, ta karanta shafin farko da ta gyara da hannunta: "Kiɗan Hanna Mulqueen. Mossie Garrihy ne ya ɗauko mana shi."

Makaɗan da ke wurin suka gwada kiɗan da ƙarin bugun, suka harɗe. Suka sake, suka harɗe. Cissie, wadda aka kawo ta taron, daga kekenta ta ce, "Kai, ku biyar kun kasa abin da mace ɗaya ke yi tana fere dankali!" Ana cikin dariya sai ga Fintan daga can bakin ƙofa, ashe ya zo. Bai kalli kowa ba. Ya karɓi goge a hannun wani, ya ja, kuma da aka zo wurin ƙarin bugun, dunduniyarsa ta doka ƙasa daram. Ashe shi ma a ƙafarsa abin yake, tun yana ƙarami yana zaune kusa da tsoho.

Cissie ta rufe ido. Ta ce, "Yawwa. Ga Mama nan."

Dympna, ke ce mai bin sawun abin da ba ya barin sawu. Ke ce kika tambayi kowa a wajen wa ya ji, kuma da tambayar ta iso ƙofar gidanku ba ki kulle ba. Ba ki rage wa Mossie komai ba, don yanzu mun san yana da kunnen da ya gane abu mai kyau a bakin matar da ba wanda ya kula da ita. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ko da yake na san rakodar nan ba za ta huta ba.

Ku kuma da kuke da tsoho ko tsohuwa mai rera abu yana wanke kwano, kada ku jira. Ku ja kujera yau ku tambaya a wajen wa aka ji, ku rubuta sunan, ko da ba sunan da kuke so ba ne.

Jiya Laraba Dympna ta koma gidan tsofaffin, ba mota, ba littattafai. Cissie ba ta gane ta ba. Dympna ta zauna ta fara rerawa, kuma da aka zo wurin, dunduniyar tsohuwa ta doka ƙasa.