Ranar da Kaka Ya Ceci Maduguna

Ko zan manta komai na ƙuruciya, ban da ranar da aka nemi kashe mini madugu ina ji ina gani.

Lokacin muna lise, wato makarantar sakandare, a Parakou, zamanin mulkin gurguzu da ake ce wa kowa kamarad, har mai sayar da ƙosai. Wani malamin Faransanci da zai koma ƙasarsu ya bar mana ɗan littafin wasa. Kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari yana alƙalanci, in faɗa ya tashi a jefa ɗan lido. Muka watsar da dodannin Turawa, muka mai da abin ayarin goro. Nawa madugu ne, shekara guda ina rainonsa. Dokarmu kuwa, jarumin da ya mutu sai a yaga takardarsa.

Da hutu muka je Djougou, muka baje a zauren kakanmu. Ɗan kawuna, alƙalin wasan, ya sa ɗan fashi ya yi wa maduguna kwanto a mashigin rafi, ga madugun da rauni, sara ɗaya ya ishe shi. Ya jefa huɗu, na jefa huɗu. Littafin ya ce mai lamba babba shi ya yi sara. Kunnen doki fa? Ko layi ɗaya babu!

"Mai hari ke da nasara," in ji shi, ya miƙo hannu. "Kawo takardar."

Na danne ta da gwiwa. "Nuna mini a littafi, kamarad alƙali!"

Hayaniyarmu ta fito da Kaka, wanda tun yana yaro ya bi ayarin mahaifinsa zuwa Gwanja.

"Kai, marasa aikin yi, wa ya mutu?"

Muka yi masa bayani, yana ta yi mana dariya. Sannan ya gyara zama.

"Saran farko ya same shi?"

"A'a, Kaka."

"To ɗan fashinku ya tashi a banza. Mai kwanto sara ɗaya gare shi. Da ya kuskure an yi kururuwa, jakuna sun tsaya, maza sun juyo. Ban taɓa ganin wanda ya jira na biyu ba."

Na yi tsalle har hulata ta faɗi! Ɗan kawuna ya ɓata fuska, amma da hannunsa ya rubuta a gefen littafin: kunnen doki, mai kwanto ya gudu. Maduguna ya haye rafi da ayarinsa cif.

Tun daga ranar na gane, inda doka ta yi shiru, kada ka bari mai riƙe da littafi ya cike maka gurbin da son ransa. Nemi wanda ya taka hanyar da ƙafarsa.